Koyarwar Katolika kan kula da muhalli, da abin da take faɗa game da ƙasa irin ta Bakalori

Cocin Katolika, wadda ke da mabiya sama da biliyan 1.3 a duniya, ta ɗauki kula da ƙasa da ruwa da iska a matsayin hukuncin addini, a sahu ɗaya da haramcin sata da haramcin zaluntar mai rauni. Koyarwar tana rubuce a cikin wasiƙu da jawaban fafaromomi na fiye da shekara hamsin, kuma ta fi fitowa fili a wasiƙar Laudato si' da Fafaroma Francis ya sanya wa hannu ranar 24 ga Mayu 2015, aka fitar da ita ranar 18 ga Yuni. Jigonta guda ne: ɓarnar da ake yi wa ƙasa da ɓarnar da ake yi wa talaka matsala ɗaya ce, domin mutumin da ba shi da jari sai gona ko rijiya ko garke shi ne na farkon jin jiki idan ƙasa ta lalace, ko da ba da hannunsa aka lalata ta ba.

Mabiya Katolika 'yan tsiraru ne a Zamfara, kuma mutanen ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun kusan dukansu Musulmi ne. Duk da haka da wuya a sami wani yanki a Arewa da ya fi wannan dacewa a auna koyarwar da shi. A nan madatsar ruwan Bakalori take, wadda aka gina da sunan ciyar da manoma gaba, aka ƙare da harbe manoma a 1980. Kudu da nan kuma, a Anka da Bukkuyum, gubar dalma daga sarrafa zinare ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Manomin Ruwan Gizo bai karanta wasiƙar Fafaroma ba, amma yawancin tambayoyin da ke cikinta ya san su tun daga bakin iyayensa.

Tushen koyarwar

Koyarwar ta faro ne daga Littafin Farawa, littafi na farko a Littafi Mai Tsarki. Babi na farko ya ce Allah ya ba ɗan Adam iko a kan ƙasa da abin da ke cikinta. Babi na biyu ya ce an ajiye shi a gonar Aidan don ya nome ta ya kuma kiyaye ta. An daɗe ana zargin Kiristanci da riƙe ayar farko a sake ta biyu. Masanin tarihi ɗan Amurka Lynn White ya rubuta wata fitacciyar maƙala a 1967 inda ya ɗora wa addinin babban kaso na laifin lalacewar muhalli. Amsar Cocin ita ce ikon da aka ba mutum ikon wakili ne, ƙasa kuwa ta Allah ce. Tana kafa hujja da Littafin Firistoci, babi na 25, inda aka umarci Bani Isra'ila su bar gona ta huta duk shekara ta bakwai, kuma duk shekara ta hamsin a mayar wa kowane gida gonarsa ta gado.

Katekizim na Cocin, wato littafin da ya tattara aƙida da hukunce-hukunce, wanda aka fitar a 1992, ya sanya maganar dabbobi da tsirrai da ma'adinai a ƙarƙashin doka ta bakwai, dokar hana sata. Wannan zaɓi yana da ma'ana. Yana nufin wanda ya ƙarar da daji ko ya gurɓata kogi ya ɗauki abin da ba nasa kaɗai ba, har da rabon waɗanda ba a haifa ba tukuna. A babin nan ne kuma aka kafa wata ƙa'ida da dukan koyarwar ke jingina da ita: Allah ya yi arzikin ƙasa ne don dukan 'yan Adam. Cocin ta yarda da mallakar gona ko fili ko kamfani, amma tana ganin haƙƙin mallaka yana bayan wannan ƙa'ida, ba ya shafe ta.

Daga Paul na Shida zuwa Francis

Fafaroma Paul na Shida ne ya fara maganar da babbar murya, a jawabinsa ga Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1970, sannan a wata wasiƙa ta 1971 inda ya yi gargaɗin cewa mutum na iya zama abin da ɓarnarsa za ta cinye. John Paul na Biyu ya ayyana Waliyyi Francis na Assisi a matsayin waliyyin masu kare muhalli a 1979, kuma ya keɓe saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta 1990 kacokan ga batun. Benedict na Sha Shida ya ci gaba da shi a wasiƙar Caritas in Veritate ta 2009, kuma a zamaninsa ne aka shimfiɗa farantan sola a rufin babban ɗakin taro na Vatikan.

Ga mutanen Sahel akwai ranar da ta fi waɗannan kusa. Ranar 10 ga Mayu 1980 John Paul na Biyu ya tsaya a Wagadugu ya yi kira ga duniya kan fari da kwararowar hamada, bayan yunwar farkon shekarun 1970 da ta karkashe dabbobi da mutane daga Senegal har Chadi. Daga kiran nan aka kafa Gidauniyar John Paul na Biyu ta Sahel a 1984, mai aiki a ƙasashe tara, ciki har da Nijar da Chadi da Mali da Burkina Faso, tana tallafa wa haƙar rijiyoyi da dashen itatuwa da horar da manoma ba tare da tambayar addininsu ba. Nijeriya ba ta cikin taran. Kuma kimanin mako biyu kacal kafin wannan jawabi ne 'yan sanda suka buɗe wuta a Bakalori.

Abin da Laudato si' ta ƙunsa

Wasiƙar tana da babi shida da sakin layi 246. Sunanta ya fito daga wata waƙar yabo da Francis na Assisi ya yi da tsohon Italiyanci wajen 1225. Ofishin Kadinal Peter Turkson, ɗan Ghana, shi ne ya shirya daftarin farko. Fafaroma ya ce da kowane mutum mai rai a doron ƙasa yake magana, ya kuma kira duniya gida na kowa da kowa. An fitar da ita wata shida kafin taron Paris kan sauyin yanayi, kuma da gangan aka yi haka.

Babi na farko ya karɓi matsayar mafi yawan masana kimiyya cewa duniya tana ɗumama, kuma hayaƙin da ayyukan mutane ke fitarwa, musamman ƙona gawayin kwal da man fetur da gas, shi ne babban dalili. Ya ce samun tsaftataccen ruwan sha haƙƙi ne na asali da sauran haƙƙoƙi ke dogara da shi. Ya yi maganar mutanen da lalacewar ƙasa ke kora daga garuruwansu alhali dokokin duniya ba su ɗauke su 'yan gudun hijira ba. Babi na uku, wanda masu sharhi da dama ke ganin shi ne zuciyar wasiƙar, ya soki tunanin da ke cewa duk abin da na'ura ta iya yi ya halatta, kuma riba ce ma'aunin komai. Babi na huɗu ya kawo abin da Fafaroma ya kira kula da muhalli a dunƙule: ba za a gyara daji ko kogi ba a bar mutanen da ke rayuwa da su, ba kuma za a fitar da mutanen daga talauci ba idan aka kashe dajin da kogin.

Babi na biyar shi ne ya sauko ƙasa. A can wasiƙar ta ce kafin a fara kowane babban aiki sai a binciki tasirinsa ga ƙasa da lafiyar jama'a da sana'o'insu, kuma a yi binciken tun farko, kada a bari sai an gama yanke shawara a kawo shi don cika takarda. Ta ce mutanen wurin su ne suka fi kowa cancantar zama a teburin shawara, domin su ne za su zauna da sakamakon su da 'ya'yansu. Ta jero tambayoyin da ya kamata a yi wa kowane aiki: me zai cim ma, don wa, mene ne haɗarinsa, nawa zai ci, wa zai biya. Wanda ya san tarihin Bakalori zai ga kamar da shi ake.

Bakalori

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta kammala wani bincike a kan kwarin Gulbin Sakkwato da na Rima, ta ba da shawarar a bi noman rani a hankali, da ƙaramar madatsa, a kuma lura da manoman fadama na ƙasan gulbi. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai gwamnatin soja ta zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit na Italiya, reshen Fiat, kwangila a tsakiyar shekarun 1970. Aka kammala madatsar a 1978, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 450, tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000. An tsara za a shayar da hekta 23,000 a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Mutane kashi uku ne suka biya farashin. Na farko su ne mutanen Maradun da ƙauyukanta da tafkin ya cinye gidajensu da fadamunsu, fiye da mutum 13,000, aka mayar da su Sabuwar Maradun da wasu matsugunai a kan tudu mai tsakuwa, ƙasar da ba ta kama ƙafar wadda suka bari ba. Na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin. An hana su shuka damina bayan damina yayin da katafila ke baje ƙasa, an tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da sauran itatuwan amfani, an shafe iyakokin gonaki, kuma da aka zo rabo mutane da yawa ba su sami daidai abin da aka karɓe musu ba. Diyya ta yi ta jan ƙafa, wadda ta fito kuma ta sha hannu a hanya. Na uku ba a ma lissafa da su ba tun farko: manoman fadama da masunta na ƙasan madatsar, har zuwa wajen Sakkwato, waɗanda shinkafarsu da lambunansu da kifinsu suka dogara da ambaliyar da gulbi ke yi kowace damina. Da madatsa ta tare ruwan, ambaliyar ta ragu. Binciken masanin labarin ƙasa William Adams ya nuna yadda manoman suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani na rijiya ya ja baya, kamun kifi ya faɗi.

Daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyi suna hana ma'aikatan kamfanin aiki. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. An harbe mutane, an ƙona ƙauyuka, Birnin Tudu na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Alƙaluman da ba na gwamnati ba sun kai 386, kuma shi ne adadin da ya fi yawo a rubuce-rubucen masana.

Abin takaicin shi ne aikin bai ma cika alƙawarinsa ba. Kusan kashi biyu bisa uku na filin an tsara shayar da shi ne da injinan feshin ruwa masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga waje. Ba a daɗe ba suka tsaya. Zuwa farkon shekarun 2000, kimanin hekta 7,500 kawai ake nomawa, ta magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa. Dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli a Nijeriya ba ta zo ba sai 1992, shekara goma sha biyu bayan an binne mutanen Birnin Tudu. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na farfaɗo da manyan filayen noman rani na Arewa, Bakalori na ciki, kuma wannan karon aka sa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa a tsarin kula da magudanai.

Ba adalci ba ne a ce Bakalori ba ta amfani kowa ba. Shinkafar Mafara da Bakura, da albasa da tumatir da dankalin Hausa da ake lodi zuwa kasuwanni, duk ruwan madatsar ne, kuma dubban gidaje da shi suke ci. Koyarwar Katolika ma ba ta ƙi madatsa ko injin ban ruwa ba. Laudato si' ta yaba wa fasaha a wurare da dama. Abin da take tuhuma shi ne lissafin da ake yi a ofis, inda ake ƙidaya buhunan da sabon fili zai bayar a manta da buhunan da tsohuwar fadama ke bayarwa, domin masu ita ba su da wakili a ɗakin. A wasiƙarsa ta biyu kan batun, Fafaroma Francis ya siffanta yadda ake zuwa wa mutanen karkara da daɗin baki na ci gaba da aikin yi, sai bayan an gama su tarar ƙasarsu ta lalace, rayuwarsu ta fi da ƙunci.

Zinare da dalma

A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya gano duwatsun zinaren da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gida ana daka su ana niƙa su, wani lokaci da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka mutu, dubbai suka kamu, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da wasu ƙauyuka. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Laudato si' ta ambaci haƙar zinare da sunansa, a matsayin misalin yadda buƙatar kasuwannin ƙasashe masu arziki ke barin guba a ƙasashen matalauta. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, kuma wannan ne ya sa manomin da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara ya ga dutse ya fi gero riba. Koyarwar ba ta ɗora laifi a kan wannan manomi ba. Tana kallon dukan igiyar, daga ramin haƙa zuwa dillali zuwa kasuwar Dubai, tana tambayar wa ya kwashi riba, wa aka bar wa kabari.

Bashin muhalli

Daga nan ne maganar da ta fi tayar da ƙura a ƙasashen Yamma ta fito. Fafaroma ya ce ƙasashen da suka yi arziki da ƙona kwal da mai na tsawon ƙarni biyu akwai bashi a kansu, kuma ƙasashen kudu ne masu binsa. Ya ambaci Afirka musamman, inda ƙarin zafi da fari ke kassara noma. Saboda haka kuɗin da ake ba ƙasashe irin Nijeriya da Nijar don jure sauyin yanayi, a wannan mahanga, biyan bashi ne, kuma bai kamata a riƙa yi musu gori da shi ba.

Ranar 4 ga Oktoba 2023 ya fitar da Laudate Deum, gajeriyar wasiƙa mai sakin layi 73, gabanin taron Dubai. Harshenta ya fi na farko zafi. Ya ce shekara takwas sun wuce ba a yi abin kirki ba, ya soki masu musanta sauyin yanayi har da na cikin Cocin, ya kuma kawo lissafin cewa hayaƙin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa ya kai kusan ninki biyu na ɗan Sin, ya kai kusan ninki bakwai na mutumin ƙasashe mafi talauci. Ya kafa hujja da bishop-bishop na Afirka, waɗanda suka kira sauyin yanayi zunubin da ya shiga cikin tsarin zaman duniya. Vatikan ta shiga yarjejeniyar Paris a 2022. Bayan rasuwar Francis a Afrilu 2025, magajinsa Leo na Sha Huɗu ya jagoranci sabuwar addu'ar jam'i ta kula da halitta a Castel Gandolfo a watan Yuli, alamar cewa maganar ba ta bi mai ita kabari ba.

A Zamfara sauyin ana ganinsa ne a damina mai makara ko mai yankewa ana tsakiyar bunƙasar hatsi, da ruwan da kan zubo a kwana biyu abin da ya kamata ya zuba a wata guda. Jihar tana cikin jihohi goma sha ɗaya da ke bakin hamada waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Wasiƙar 2015 ta yi gargaɗin cewa ƙarancin albarkatu na iya haifar da yaƙe-yaƙe, kuma akan yi saurin fassara ta'addancin 'yan bindiga na Zamfara da wannan. Fassarar tana da ƙamshin gaskiya, tunda nome burtali da makiyaya da ƙafewar mashaya suna cikin abin da ya fara ɓata tsakanin manoma da Fulani. Amma fari bai raba dazuzzukan gwamnati ga masu hannu da shuni ba, bai sayar da bindigogi ba, bai kuma sace ɗaliban Jangebe a 2021 ba. Koyarwar kanta ta nace cewa lalacewar hukuma da cin hanci ɓangare ne na lalacewar muhalli, don haka ba ta ba kowane gwamna damar fakewa da hadari.

Inda ake jayayya

Wasiƙar Fafaroma irin wannan tana da nauyi a wurin Katolika, amma ba ta kai matsayin rukunin aƙida ba. Francis da kansa ya rubuta cewa Cocin ba ta da'awar yanke hukunci a tambayoyin kimiyya ko maye gurbin 'yan siyasa. Abin da ya wajaba a kan mabiyi shi ne ƙa'idojin: kare rai, kare mai rauni, riƙon amanar halitta. Marigayi Kadinal George Pell ɗan Ostareliya ya fito fili a 2015 ya ce Cocin ba ta da wata ƙwarewa ta musamman a kimiyya, wasu 'yan siyasar Amurka mabiya Katolika kuma suka ce ba daga wurin limamai suke ɗaukar manufofin tattalin arziki ba. Masana tattalin arziki da dama sun ƙi sukar da wasiƙar ta yi wa cinikin takardun izinin fitar da hayaƙi, wanda Fafaroma ya gani a matsayin dabarar da mai kuɗi zai sayi damar ci gaba da ɓarna.

Akwai kuma maganar yawan jama'a. Cocin ba ta yarda da magungunan hana ɗaukar ciki ba, kuma wasiƙar ta ce ɗora laifi a kan yawan haihuwar matalauta hanya ce ta kauce wa maganar almubazzarancin masu arziki. Idan ana batun hayaƙin da ke ɗumama duniya, hujjar tana da ƙarfi, domin gida mai mutum goma sha biyar a Bakura bai fitar da abin da gida mai mutum uku ke fitarwa a Amurka ba. Idan kuwa ana batun gonar gado da ake rabawa tsakanin 'ya'ya har ta koma ba ta fi tabarma goma ba, da dajin da ake sarewa don girki, wasiƙar ta wuce da sauri. Wannan ɗaya ne daga wuraren da malaman Katolika da na Musulunci a Arewa suka fi kusa da juna, kuma duka biyun sun bar tambayar a buɗe.

Maƙwabtaka da Musulunci

Musulmin da ya karanta wasiƙar zai ci karo da abubuwan da ya sani: mutum halifa ne a bayan ƙasa, abin da ke hannunsa amana ce, an hana ɓarna da almubazzaranci. Fafaroma ya kafa hujja da wani sufi Musulmi, Aliyu al-Khawwas, a wani ɗan bayani na ƙasan shafi, abin da ba a saba gani a irin waɗannan wasiƙu ba. Wata biyu bayan fitarta, a Agusta 2015, malaman Musulunci suka fitar da tasu sanarwa kan sauyin yanayi a Istanbul, sannan a Fabrairu 2024 aka ƙaddamar da takardar Al-Mizan a Nairobi. Tsarin hurumi da burtali da makiyaya da ƙasar Hausa ta gada, wanda malaman Daular Usmaniyya suka yi rubutu a kan hukunce-hukuncensa, ya ginu ne a kan fahimta irin wannan, cewa akwai ƙasa da ruwan da ba na mutum ɗaya ba ne.

Cocin a wannan yanki

Zamfara tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato. Limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne suka kafa aikin a shekarun 1950, Gusau ce cibiyarsu ta farko, kuma yankin ya zama cikakken dayosis a 1964. Katsina ta sami nata a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke riƙe da Sakkwato tun 2011, ya san rikicin muhalli tun kafin zuwansa, domin shi ne Shugaba Obasanjo ya naɗa a 2005 ya sasanta Ogoni da kamfanin Shell, aikin da ya share hanyar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan gurɓacewar ƙasar Ogoni.

A watan Maris 2023 Majalisar Bishop-bishop ta Nijeriya, ta hannun hukumar agajinta Caritas, ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan 5.5 cikin shekara biyar. A Zamfara irin wannan aiki yana da iyaka, domin majami'un Katolika suna cikin manyan garuruwa ne, kuma hanyoyin karkara da dama ba sa biyuwa saboda 'yan bindiga. Akwai kuma matsalar kalanda. Cocin ta keɓe 1 ga Satumba a matsayin ranar addu'a don halitta, ana ci gaba da bukin har 4 ga Oktoba, kuma a lokacin ne majami'u da makarantu a ƙasashe da yawa kan fita dashe. A Mafara wannan ƙarshen damina ne, gero ya nuna, kuma dashen da aka sa a ƙasa a lokacin zai fuskanci wata bakwai ko takwas na rani da awaki kafin ya sake ganin ruwan sama. Lokacin dashe a nan Yuli ne zuwa farkon Agusta.

Hanyar da ta fi yin nasara a ƙasa irin wannan daga tsallaken iyaka ta fito. A Maradi, daga 1983, wani ɗan mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, wanda ba Katolika ba ne, ya yi aiki da manoma Musulmi a kan abin da ake kira sassaben zamani: idan an zo sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta buƙatar ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya gawo da sabara da kalgo da aduwa sun dawo a kimanin hekta miliyan 5 na kudancin Nijar, kuma abin ya kankama ne bayan da hukumomi suka sassauta dokar gandun daji, manomi ya tabbata itacen da ya rena a gonarsa nasa ne.